Sabon Fenti A Tsohuwar Jakar Fayil

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a gaban na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, ya san 'yar jakar fayil ɗin nan mai ruwan ɗorawa da ke zaune a ƙasan allo. Idan aka danna ta, sai wani fage ya buɗe inda ake ganin dukkan abin da aka ajiye a cikin na'urar, kama daga wasiƙu da hotuna har zuwa sakamakon jarrabawa. Manhajar da ke buɗe wannan fage ita ce mai kula da fayiloli, kuma sunanta ya danganta da gidan da ta fito. A Windows ana kiran ta File Explorer, a kwamfutocin kamfanin Apple ana kiran ta Finder, a ɓangaren Linux kuwa akwai Dolphin da Nautilus da Thunar da wasunsu. Aikinsu duka ɗaya ne, irin na magatakarda a ofis: ya san inda kowace takarda take, ya ɗauko, ya kwafa, ya mayar, ya yar da wadda aka gama da ita.

Wannan magatakarda ba ya magana da baki. Da ƙananan hotuna yake magana, waɗanda ake kira alamomi: jaka, takarda mai lanƙwasasshen kunne, almakashi, kwandon shara. A kan waɗannan 'yan hotuna ne wata muhawara takan taso duk bayan 'yan shekaru, musamman a tsakanin masu rubuta manhajojin Linux, waɗanda da yawansu 'yan sa kai ne. Wani ɓangare yakan ce alamomin da manhajar ke zuwa da su tun daga tushe sun tsufa, har baƙon da ya buɗe ta yakan ji kamar ya shiga ofishin En'e na zamanin da, ya juya ya fita, saboda haka a zana sababbi domin a jawo sababbin masu amfani. Ɗaya ɓangaren kuma yakan ce wannan duk kwalliya ce da ɓata lokaci, wanda ba ya son alamomin ai an ba shi dama ya canja su da kansa.

Masu neman sabuntawa sun fi kusa da gaskiya, amma dalilin da suke kafawa shi ne mafi rauni a cikin dalilansu. Ya kamata a sabunta alamomi idan ido ya daina gane su da sauƙi. Idan kuwa don yayi kawai za a sake su, da fatan jama'a za su yi tururuwa, to an kama hanyar rasa na gida ba tare da an sami na waje ba.

Inda alamomin suka samo asali

Kafin a iya auna wannan magana sai an san cewa alamomin nan ba faɗowa suka yi daga sama ba. A 1975 wani ɗalibi a Jami'ar Stanford ta Amurka, David Canfield Smith, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan yadda za a yi wa kwamfuta umarni ta hanyar hotuna maimakon rubutattun kalmomi. Daga baya ya koma aiki da kamfanin Xerox, inda a 1981 aka fito da na'urar da ake kira Star. Waɗanda aka yi na'urar dominsu ma'aikatan ofis ne da ba su san komai game da kwamfuta ba, don haka aka mayar da fuskar allon kamar teburin ofis, aka zana musu abubuwan da suka saba taɓawa da hannu kullum: takarda, jakar fayil, tiren ajiye wasiƙu, injin buga takarda. Hikimar ita ce, mutum ba ya bukatar a koya masa abin da jakar fayil ke yi, domin ya shekara yana ɗaukar ta.

A 1984 kamfanin Apple ya fito da Macintosh, wanda wata mai zane, Susan Kare, ta tsara wa alamomi. Filin da aka ba ta ƙanƙane ne ƙwarai: ɗigo 32 a tsaye, 32 a kwance, jimilla 1,024, kuma kowane ɗigo ko dai baƙi ko fari, babu wani launi a tsakani. A littafi mai gidajen dara ta riƙa cike gida-gida da hannu, kamar mai ɗinkin hula yana ƙirga zare. Wannan ƙuncin wuri ya tilasta mata zubar da duk abin da ba dole ba, ta bar sura kawai. Shi ya sa har yau, shekaru arba'in da ɗoriya, yaro zai iya duban zanen nata ya faɗi abin da yake nufi.

Daga nan filin ya yi ta faɗaɗa. Windows XP na 2001 ya zo da alamomi masu launuka da inuwa, Windows Vista na 2007 ya kai girmansu ɗigo 256 a kowane gefe, aka shiga yayin alamomi masu ƙyalli kamar gilashi. A ɓangaren Linux, ƙungiyar KDE ta yi amfani da jerin alamomin Crystal na wani ɗan Barazil, Everaldo Coelho, sa'an nan a 2008 ta koma Oxygen, a daidai lokacin da Dolphin ya zama babban mai kula da fayilolinta. Ba a daɗe ba iska ta juya. Windows 8 a 2012 da iOS 7 a 2013 suka kawo yayin shimfiɗaɗɗen zane marar inuwa marar ƙyalli, ita ma KDE a 2014 ta ajiye Oxygen ta ɗauki Breeze. Watau a cikin shekara goma sha biyu ko ƙasa da haka, jakar fayil ɗaya ta sake tufafi sau uku a gida ɗaya. Duk mai cewa a zana alama ta zamani, ya kamata a tambaye shi: wane zamanin?

Hujjar masu neman sabuntawa

Duk da haka, ba daidai ba ne a ce kyan gani ba shi da wani tasiri. A 1995 wasu masu bincike biyu na kamfanin Hitachi a Japan, Masaaki Kurosu da Kaori Kashimura, sun nuna wa mutum 252 tsare-tsare 26 na fuskar injin cirar kuɗi na banki, suka nemi kowa ya faɗi wanne ya fi kyau, wanne kuma yake ganin zai fi sauƙin aiki. Sai aka tarar tsarin da mutane suka ga ya fi kyau, shi ne kuma suka ɗauka ya fi sauƙi. Wani masani, Noam Tractinsky, ya maimaita gwajin a Isra'ila a 1997 da zaton abin al'adar Japanawa ce kawai, sai ya tarar haka abin yake a can ma, har ya fi ƙarfi. Saboda haka gaskiya ne baƙo yakan yanke hukunci da kallon farko. Sai dai a lura da abin da aka auna: zaton mutane ne kafin su fara aiki, ba yawan aikin da suka iya gamawa ba.

Ita kuma maganar da ake yi cewa wanda ba ya son alamomin asali ya canja da kansa, ba ta da ƙarfi ko kaɗan. Wanda ya san inda ake shiga a canja jerin alamomi ai ya riga ya wuce matsayin baƙo. Ɗalibar da aka zaunar a ɗakin kwamfuta na makaranta na minti arba'in a mako, abin da ta tarar a allo shi ne kwamfuta a wurinta, ba ta san akwai wani zaɓi ba, kuma ko ta sani ba a ba ta izinin taɓawa ba. Abin da manhaja ta zo da shi daga tushe, da shi mafi yawan mutane za su zauna har na'urar ta mutu. Don haka nauyin yana kan masu manhajar, ba su da damar tura shi kan mai amfani.

Hujja mafi ƙarfi kuwa ta fasaha ce, kuma ita ce aka fi mantawa da ita a wajen gardama. Tsofaffin alamomi an zana su ne ɗigo-ɗigo don allon da ɗigoginsa manya ne. Allon yau ɗigoginsa sun ninka na da yawa, sun kuma ƙanƙance. Idan aka ɗora tsohuwar alama a kansa, ko dai ta zama kamar ƙwayar gero, ko kuma a buɗa ta ta dushe kamar hoton da ruwa ya taɓa. Maganin wannan shi ne a sake zana ta da tsarin da ke ajiye hoto a matsayin umarnin lissafi, watau a ce ja layi daga nan zuwa can, lanƙwasa shi kaza, cika da launi kaza. Irin wannan tsari, wanda ake kira SVG kuma aka amince da shi a 2001, yana ba da damar a faɗaɗa alama ko a rage ta ba tare da ta lalace ba. Har ila yau, mutane da yawa yanzu suna mayar da allonsu baƙi domin hutar da ido da dare, kuma alamar da aka zana da baƙin layi don farin allo ɓacewa take yi a kan baƙi. Ga kuma sababbin abubuwa da babu su a 1984, kamar wayar hannu da aka jona da kwamfuta ko ma'ajiyar da ke can a intanet, waɗanda dole a ƙirƙiro musu alama. Waɗannan dalilai sun isa a ɗauki alƙalami a sake zane, ko da babu baƙo ko ɗaya da zai zo.

Inda ake yin ɓarna

Matsalar tana farawa ne daga lokacin da aka manta cewa alama kalma ce a cikin wani harshe da mutane suka sha wahala suka koya. Jama'ar ƙasar nan sun san wannan sarai. A zaɓen 1993 mutane da yawa da ba su iya karanta sunan jam'iyya ba sun san doki na SDP ne, mikiya kuma ta NRC. Takardar naira ashirin ta zama Murtala a bakin kowa saboda hoton da ke jikinta. Ko da Babban Bankin Nijeriya ya sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a 2022, launi ya taɓa, bai taɓa fuskokin da ke jiki ba. Ana iya sake tufa, amma idan aka sake fuska sai an sake gabatar da mutum ga danginsa.

Babban misali a kwamfuta shi ne alamar adana aiki, wadda har yanzu a Microsoft Word hoton faifan fulofi ce, ɗan faifan nan mai faɗin inci uku da rabi da ke ɗaukar abin da bai kai hoto ɗaya na wayar yau ba. Kamfanin Sony ya daina yin sa a 2011, gwamnatin Japan ma ta soke dokoki sama da 1,000 da suka wajabta amfani da shi a 2024. Mafi yawan ɗaliban sakandare na yau ba su taɓa riƙe shi ba. To amma sun san idan suka danna shi aikinsu ba zai ɓace ba. Hoton ya rabu da abin da ya haife shi ya zama harafi, kamar yadda ba wanda ke tambayar dalilin da ya sa harafin ba ke da ɗigo ɗaya a ƙasa kafin ya karanta shi. Wanda ya cire shi don ya tsufa, ya sa wata kibiya a madadinsa, bai taimaki baƙo ba, domin ita ma kibiyar sai an koya masa, ya kuma rikita tsohon hannu.

Kamfanoni masu kuɗi da ƙwararrun masu zane sun faɗa wannan rami, balle 'yan sa kai. A 2020 Google ya sake alamomin Gmail da Calendar da Drive da Meet, ya zuba musu launuka huɗu iri ɗaya domin a san 'yan gida ɗaya ne. An kuwa sani, amma sai mutane suka yi ta kukan ba sa iya bambance su da kallo ɗaya, domin jan ambulan ɗin da ido ya saba cafkowa ya tafi. Ido ba karanta alama yake yi ba, surarta da launinta yake tsinta tun kafin hankali ya kai wurin. Idan alamomi goma suka zama masu sura ɗaya da launi ɗaya, an mayar da aikin ƙiftawar ido ya koma aikin dubawa ɗaya bayan ɗaya.

Misalin da ya fi kusa da batun shi ne na Windows 11, wanda ya fito a 2021 da sababbin alamomi a File Explorer. Wasu canje-canjen sun yi amfani: jakunkunan takardu da hotuna da kiɗa da abubuwan da aka sauko da su kowace ta sami nata launi, aka huta da jerin jakunkuna masu ruwan ɗorawa iri ɗaya. Amma a lokaci guda an cire ɗan hoton da ke leƙowa daga cikin jaka yana nuna abin da ke cikinta, an kuma cire kalmomin yanke da kwafa da sake suna da sharewa daga jerin umarnin da ke fitowa idan an danna linzami ta dama, aka bar ƙananan hotuna zalla a jere. Allon ya yi tsaf, gwanin sha'awa. Sai dai a 2022 kamfanin ya mayar da hoton cikin jaka, a 2024 kuma ya mayar da rubutu a ƙarƙashin waɗancan alamomi. Shekara uku ke nan mutane suna lalube kafin a dawo musu da abin da suke da shi tun farko. Wanda ya fi shan wahala a wannan tsakani shi ne baƙon da aka ce don shi aka yi gyaran, domin tsohon hannu ya haddace maɓallan da ke yin aikin ba tare da ya dubi alama ba.

Wane ne baƙon?

Tambayar da masu muhawarar ba su cika tsayawa a kanta ba ita ce, wane ne wannan sabon mai amfani da ake son jawowa? A 1981 ma'aikacin ofis ne da ya san jakar fayil ta kwali amma bai san kwamfuta ba. Na yau akasin haka ne. Ya girma da waya a hannu, inda hoto ke zaune a manhajar hotuna, saƙo a WhatsApp, kuma in yana neman abu sai ya rubuta sunansa a wurin bincike. A 2021 mujallar The Verge ta Amurka ta ba da rahoton malaman jami'a da suka lura ɗalibansu na kimiyya da injiniya ba su fahimci ma'anar jaka a cikin jaka ba, ba su kuma san inda aikin da suka adana ya tafi ba. Malaman kwamfuta a makarantun sakandare na nan gida ba sa bukatar a ba su wannan labari. Irin wannan ɗalibi, ko da zinariya aka zana masa jakar, ba zanen ne ya dame shi ba. Abin da bai sani ba shi ne cewa fayil yana da mazauni, kuma mazaunin yana da adireshi.

Akwai kuma abin da tarihi ya nuna game da iyakar kyan zane. A ƙarshen shekarun 1990 wasu daga cikin mutanen da suka gina Macintosh, ciki har da Andy Hertzfeld, sun kafa kamfanin Eazel domin su yi wa Linux mai kula da fayiloli da zai jawo talakan mai amfani. Su ne suka yi Nautilus, kuma Susan Kare da kanta ta sa hannu a alamominsa. Manhajar ta fito a 2001, a cikin shekarar kuma kamfanin ya rufe don rashin kuɗi. Nautilus ya rayu, yana nan har yau a tsarin GNOME, amma tururuwar da aka yi fata ba ta zo ba. Sai a 2024 ne ƙididdigar StatCounter ta nuna Linux ya haura kashi 4 cikin 100 na kwamfutocin tebur a duniya. Abin da ke sa mutum ya zauna da tsari ko ya gudu shi ne ko injin buga takardarsa ya yi aiki, ko takardar da abokinsa ya aiko ta buɗe, ko akwai wani a kusa da zai tambaya idan ya maƙale.

Wannan magana ta daina zama ta nesa tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, lokacin da Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake ba Windows 10 na yau da kullum. Kwamfutoci masu yawa da ke aiki lafiya ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba, kuma irinsu ne, na hannu da aka shigo da su daga Turai da Amurka, suka cika ɗakunan kwamfuta na makarantu da shagunan buga takardu. Ɗaya daga cikin hanyoyin tsawaita rayuwarsu ita ce a ɗora musu Linux mai sauƙin nauyi, irin mai tsarin Xfce, wanda shi ma ya sabunta alamominsa a 2020. Idan makaranta ta yi haka, ɗalibin da ya koyi aiki a Windows zai zauna gaban Thunar ko Dolphin a karo na farko. Abin da zai cece shi a wannan rana shi ne ya ga jaka ta yi kama da jaka, kwandon shara ya yi kama da kwandon shara, almakashi yana nan inda ya san shi. Kowane sabon salo da mai zane ya ƙirƙiro don ya bambanta da na wasu, ƙarin darasi ne a kan malamin da ke da ɗalibai sittin da kwamfuta goma.

Saboda haka idan masu wata manhaja suka tashi sabunta alamominta, abin da ya kamace su shi ne su sake zanen da tsarin da ba ya dushewa, su gyara launi ya fito a farin allo da baƙi, amma su bar surar da aka sani yadda take. Kada su dogara da launi kaɗai wajen bambance abu biyu, domin akwai masu matsalar rarrabe ja da kore, waɗanda a tsakanin mazan arewacin Turai sun kai kusan 1 cikin 12, kuma ba a rasa su a kowane aji a ko'ina. Su bar rubutu a ƙarƙashin duk alamar da ke iya share aikin mutum. Su kuma ajiye tsohon jerin a inda mai so zai same shi, kamar yadda KDE ta bar Oxygen ga masu bukata bayan zuwan Breeze. Sa'an nan, kafin su saki sabon zanen, su gwada shi a kan mutanen da ba su taɓa ganin sa ba, maimakon su tambayi junansu ko ya yi kyau.

Wannan gwaji na ƙarshe ba sai a Amurka ko Jamus ake iya yin sa ba, kowane malamin kimiyya zai iya shirya shi da ɗalibansa. A buga alamomi goma na File Explorer da goma na Dolphin ko Thunar a takarda, ba tare da suna ba, kowace kada ta wuce girman farcen babban yatsa. A raba wa 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare, kowa ya rubuta abin da yake zaton kowace alama ke yi, 'yan babban aji kuma su ƙirga amsoshin su zana jadawali. A maimaita da kwafin da aka yi da injin hoto baƙi da fari, a ga waɗanne ne suka tsira bayan launi ya tafi. Darasi ɗaya ya isa a gama, kuma bayan an buga takardun ba a bukatar wutar lantarki.